Hoton Malam Uwaisu a Ɗakin Baya

Sati biyu aka ce Malam Uwaisu zai yi a ɗakin baya. Haka ɗansa Abdulkabir ya faɗa ranar da aka ciccibo tsohon daga ɗakinsa mai siminti, aka jera buhunan wake da gero a inda gadonsa yake. Wai kafin a gama ginin sabon sito. Yau wata bakwai ke nan, sito bai wuce bulo uku daga ƙasa ba. Wake yana kwance a inuwa mai sanyi yana jiran farashi ya tashi, mai ɗakin kuwa yana kwance a jikin garken awaki.

Safara'u, ƙanwar Abdulkabir, ita ce ke zuwa duk Asabar daga Bagwai, inda take aure take kuma koyarwa a firamare. Ta kan sauka a Kunci, ta hau acaɓa zuwa ƙauyensu, ta ratsa gonakin da suka matse gidaje ta kowane gefe har babu wurin da akuya za ta juya. Tun daga ƙofar ɗakin warin yake tarbar ta. Ɗakin ƙasa ne, rufinsa ya tsage ta kusurwa, taga ɗaya ce kuma an toshe ta da tsumma. A nan ubanta yake, kan wata katifa da ta zama tabarma, ɓarin jikinsa na dama a shanye tun ciwon da ya kayar da shi shekara biyu da suka wuce. Harshensa ma ya tafi tare da hannun. Kalma ɗaya ce ta rage masa da za a iya ganewa.

"Sannu, Baba. Ka tashi lafiya?"

Ya ɗaga hannun hagu ya nuna ƙofa. "Akwati," in ji shi.

"Yana nan, Baba. Yana nan lafiya."

Ba ta san ko yana nan lafiya ba, kuma ƙaryar tana ƙona mata baki duk mako. Akwatin na katako ne, babba, mai kwaɗo. A cikinsa aikin shekara talatin da huɗu yake. Malam Uwaisu ya yi wa jaridu aikin ɗaukar hoto tun kafin a haifi Safara'u, kuma ba hoton manya a kan kujeru ya yi suna da shi ba. Shi mai bin matan da ke tonon gidan tururuwa a shekarar fari ne, da manoman da ruwa ya cinye musu dawa, da masu kwana a barandar asibiti. Dokokinsa biyu ne, duk wanda ya yi aiki da shi ya san su. Bai taɓa ce wa mutum ya gyara zama ba. Sannan duk hoton da ya ɗauka sai ya wanke biyu, ya rubuta sunan mai shi da garinsa da ranar a baya, ya hau babur ya koma ya damƙa masa ɗaya a hannu, ko da tafiyar yini ce. Ya kan ce fuskar ta mai ita ce, shi aro ya yi. Ɗayan kuma ya shiga akwati, tare da fim ɗin da aka wanke shi daga ciki.

Da farko akwatin yana ɗakin baya tare da shi, yana iya miƙa hannu ya shafa shi. Daga baya Abdulkabir ya sa aka fitar da shi zuwa rumfar harawa, aka dire shi a kan tsurar ƙasa.

Ran nan, bayan ta yi wa tsohon wanka ta shanya katifar, Safara'u ta tarar da yayanta a gindin darbejiya yana duba haƙoran wani rago. Fataucin dabbobi yake yi, kuma Allah ya buɗa masa. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Yaya, damina ta kusa. Rufin ɗakin nan ba zai ɗauki ruwa biyu ba."

"Na sani. Kwana nan za a mayar da shi. Waken nan da na sayar yanzu asara ce, ke ma kin sani."

"To akwatin fa? Gara ta yi yawa a rumfar nan."

Ya saki bakin ragon ya dube ta. "Ke da kike malama, ba ki san mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da hoto ba? Mutum yana jinya, ina zan bar masa dubban fuskoki a kansa? Taimakonsa na yi."

Wayarsa tana aljihun gaba, cike da hotunan raguna da shanu da yake tura wa masu saye a Kano, da ita yake kwana da ita yake tashi. Safara'u ta ga kan wayar ya leƙo, ta haɗiye abin da ya zo mata.

"To ka ba ni shi in kai Bagwai. Ina da wuri a kan durowa."

"Kayan gado ne. Ba a taɓa su sai an zauna."

"Gado, Yaya? Baban yana numfashi fa."

Ya ɗan ji nauyin abin da ya faɗa, amma bai janye ba, sai ma ya ɗaure fuska. Ita kuwa tunda ta fara, sai ta ƙarasa. Ta ce ta yi magana da maigidanta, Malam Sha'aban, ya amince a kawo Baba gidansu, akwai ɗaki, ga asibiti kusa.

Nan fa Abdulkabir ya miƙe tsaye. "Ina raye? Ubana ya koma cin tuwon gidan suruki ina raye a garin nan? So kike a riƙa nuna ni da baki a kasuwar kara? Wallahi ba za a yi ba. Ki bar ni da ubana, na san haƙƙinsa."

Haka zancen ya mutu. Kunyar a ce ya kasa riƙe ubansa ta fi damun Abdulkabir a kan kasawar kanta, kuma duk dangin da Safara'u ta kai wa kuka sai su ce gaskiyarsa, uba ba ya zama gidan 'ya mace alhali ga namiji. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya taka ya leƙa ɗakin.

Ruwan farko ya sauka ranar wata Laraba. Da ta zo Asabar ta tarar katifar a jiƙe har lokacin, tsohon yana rawar ɗari, an kafa wani kwano a kusa da kansa yana tarar ɗigo. Da ta juya shi sai ta ga gyambo biyu a kwankwasonsa, ɗaya ya fara ruwa. Ta fita tsakar gida idonta ya rufe.

"Tahira, tun yaushe rabon da a juya Baba?"

Matar Abdulkabir tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. "Haba Safara'u, ni suruka ce. Ta ina zan fara buɗe jikin uban mijina? Abinci dai ban taɓa fasa kai masa ba, Allah shaida ne."

"Kina kaiwa, kina ajiyewa ta hannun da ya mutu."

"To ni na san ta ina yake so? Ba ya magana. Yayanki kuma Litinin yana wannan kasuwa, Laraba yana waccan. Ni kaɗai ce da yara da awaki."

Ba ƙarya ta yi ba gaba ɗaya, shi ya sa abin ya fi ciwo. Kowa a gidan yana da hujjarsa, kuma kowace hujja in ka ɗauke ta ita kaɗai sai ka ce haka ne. Tsohon dai yana ta ƙanƙancewa. Mako na gaba ya daina cin tuwo sai koko. Na gaba da shi tari ya kama shi. Ya daina ɗaga kai in an shigo, amma bai daina tambayar akwati ba, ita ma ba ta daina ce masa yana nan lafiya ba.

Sai ga shi wata Alhamis Abdulkabir da kansa ya kira ta a waya, muryarsa har da fara'a. Ya ce ta zo da wuri ranar Asabar, baƙi za su zo daga Kano. Wata ƙungiya ce ta masu adana tarihi, sun bi diddigin tsofaffin jaridu sun ga sunan Uwaisu Mani a ƙarƙashin hotuna da yawa, suna so su karrama shi, su kuma ga abin da ya ajiye.

Da ta iso ba ta gane gidan ba. An share tsakar gida, an kora awaki gona, falo yana ta ƙamshin turaren wuta. Abdulkabir ya tattare hannun riga, shi da bai taɓa ɗaukar butar ubansa ba, ya ciccibo shi kamar jariri. Tare da Safara'u suka yi masa wanka. Aka kira wanzami ya yi masa aski ya gyara gemu. Aka zura masa sabuwar shadda ruwan ƙasa ta Abdulkabir, wadda ta yi masa yawa har sai da aka ninke ta a baya. Aka zaunar da shi a kujerar falo, aka tokare shi da matasai ta gefen da yake zubewa, aka ɓoye mataccen hannun a cikin riga. Tsohuwar kyamararsa, wadda yara suka daɗe suna wasa da ita, aka goge ta aka rataya masa a wuya.

Safara'u ce ta kafa masa hula. Da ta sunkuyo, ya dube ta da idon nan nasa, ita kuwa ta kawar da kai.

Baƙin su uku ne, maza biyu da wata budurwa mai suna Khaulat, ita ce mai ɗaukar hoto. Ta durƙusa har ƙasa a gaban tsohon.

"Baba, saboda kai na shiga aikin nan. Hotonka na matar nan mai ƙwarya a bakin busasshiyar rijiya, tun ina jami'a yake manne a ɗakina." Ta juya wurin Abdulkabir. "Alhaji, gaskiya kun yi ƙoƙari. Wurare da yawa muna zuwa mu tarar an yar da tsofaffin nan. Allah ya saka muku."

"Ai wajibi ne," in ji Abdulkabir. "Uba fa."

Khaulat ta dubi Safara'u tana murmushi, tana jiran ta ce wani abu. Safara'u ta san taku ashirin ne tsakanin falon da ɗakin baya. Amma ga yayanta, ga baƙi, ga sunan gidansu. Ta ce, "Amin, mun gode."

Khaulat ta ɗaga kyamara. "Baba, ɗan gyara zama kaɗan. Alhaji, ka matso ka dafa kafaɗarsa. Yauwa."

Tsohon ya runtse ido. Sau uku tana ɗauka yana runtsewa, har aka yi dariya aka ce hasken ne ya dame shi. A na huɗu tari ya sa ya buɗe, ta samu abin da take so.

Daga nan aka ce a kawo akwati. Mutum biyu suka ɗauko shi daga rumfa, Abdulkabir ya riga ya sa an goge samansa. Suna dire shi a tsakiyar falo gindinsa ya zube. Abdulkabir ya buɗe kwaɗon, ya ɗaga murfin.

Jar ƙasa ce cike da shi, ta daskare, gara tana ta kai da kawo a cikin hanyoyinta. Khaulat ta sa hannu a hankali ta ɗago wani ƙunshi, ya ruguje a tafinta. Fim ɗin duk ya manne da juna saboda laima, ya zama baƙin dunƙule mai wari. Ta yi ta tonawa har gwiwar hannu. Abin da ta samu bai cika tafi biyu ba: rabin fuskar wani dattijo, ƙafar yaro a kan tsagaggiyar ƙasa, da wata kusurwar takarda da aka rubuta "Lauratu, matar" sauran kuma gara ta cinye.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Abdulkabir. "Ƙaddara ta riga ta faɗa. Kullum yana kulle, wallahi ko buɗe shi ba ma yi."

Safara'u ba akwatin take kallo ba, ubanta take kallo. Bai yi kuka ba, bai yi motsi ba. Ya daɗe yana duban jar ƙasar nan, sannan ya ɗago ya dube ta, ita da ta yi wata da watanni tana ce masa yana nan lafiya. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da ta shige.

Baƙi suka ci abinci sama-sama, suka bar takardar yabo a cikin gilashi, suka tafi bayan azahar. Ƙurar motarsu ba ta kwanta ba Abdulkabir ya ce a cire shaddar kada tari ya ɓata ta. Safara'u ta ce ko yau ɗaya a bar shi ya kwana a falo. Ya ce falo wurin baƙi ne, kuma tsoho ya saba da wurinsa, canjin wuri yana wahalar da marar lafiya. Kafin la'asar Malam Uwaisu ya koma kan katifarsa, cikin tsohuwar rigarsa, awaki ma an dawo da su garkensu.

Ta zauna a gefensa tana kuka. "Baba, ka yafe mini. Na yi maka ƙarya."

Bai ce akwati ba. Daga ranar bai sake faɗin kalmar ba. Sai ya miƙa hannun hagu ya taɓa jakarta, ya yi ta taɓawa har ta buɗe. Ta fito da ruwa, ya girgiza kai. Ta fito da magani, ya girgiza kai. Da ta fito da waya sai ya tsaya. Ya ɗaga hannun zuwa idonsa, ya lanƙwasa ɗan yatsa kamar mai danna wani abu, sannan ya nuna ƙirjinsa.

"In ɗauke ka, Baba? A haka?"

Ya gyaɗa kai. Ta kai hannu za ta ja masa mayafi ta rufe ƙafafunsa, ya buge hannun. Ta kai hannu za ta kawar da kwanon ɗigo da kokon safe da ƙudaje suka rufe, ya sake bugewa, da ƙarfin da ba ta san yana da shi ba. Ya nuna tagar. Ta zare tsumman, hasken la'asar ya faɗo a kan katifar. Ya nuna mata bakin ƙofa, ta ja da baya, ya yi mata alama ta durƙusa. Ta durƙusa. Sannan ya buɗe idonsa duka biyu ya dubi wayar kai tsaye, ta danna.

Kwana goma sha ɗaya ya ƙara. Ranar wata Laraba ya cika, Abdulkabir yana kasuwa. Babu wanda ya san ko da hantsi ne ko kusa da azahar, sai da Tahira ta je ɗauko kwano ta ga kokon yadda ta ajiye shi. Jana'iza ta yi jama'a, har daga Kano aka zo. A wurin zaman makoki an yi ta yaba wa Abdulkabir, ana cewa ya riƙe ubansa har ƙarshe bai bari ya tagayyara a gidan wani ba.

Ranar sadakar arba'in Safara'u ta zo da 'yar ambulan a jakarta. Ta tarar da sabon abu a bangon falo. Mutanen Kano sun aiko da hoton nan, babba, cikin gilashi: Malam Uwaisu cikin shadda da kyamara a wuya, ɗansa ya dafa kafaɗarsa. Abdulkabir ya kafa shi daidai inda duk mai shigowa zai fara gani. Zancen mala'iku kuwa ba a sake jin sa ba. An sayar da wake da daraja, ɗakin siminti yana nan a share, babu kowa a ciki.

Ta jira har mutane suka ragu, ya rage shi kaɗai a falo. Ta durƙusa kamar yadda ta saba.

"Yaya, na kawo maka saƙo. Ka san Baba bai taɓa ɗaukar hoto ya hana mai shi ba. Wannan shi ya sa na ɗauka, na kai an wanke guda biyu. Mai shi ya tafi, kai ne magajinsa. Ga naka."

Ya karɓa yana murmushi, ya zaro. Murmushin ya tsaya a inda yake. Ga katifar, ga kwanon ɗigo, ga ƙudaje a bakin koko, ga ƙafafu kamar sillen kara, ga kan wata akuya ya leƙo ta tsagar bango. A tsakiya kuma ga idanun nan biyu a buɗe, suna kallon duk wanda ya riƙe takardar.

"Wa kika nuna wa?" Abin da ya fara fitowa daga bakinsa ke nan.

"Babu kowa. Ɗayan yana wurina, a kan durowa, inda gara ba ta kaiwa."

Ya kasa ci gaba da kallo, ya kife hoton a kan gwiwarsa. Sai ya ga akwai rubutu a bayan, da jan biron da take duba aikin ɗalibai, an jera shi yadda tsohon yake jera nasa:

Uwaisu Mani, mai ɗaukar hoto.
Ɗakin baya, jikin garken awaki, gidan ɗansa Abdulkabir.
Asabar, ranar da aka karrama shi, bayan la'asar.
Wadda ta ɗauka: 'yarsa Safara'u, da ta gani duk mako ta yi shiru.

Ya karanta, ya sake juya shi, idanun suna nan. Ya kuma kifewa, rubutun yana nan. Safara'u ta miƙe ta gyara mayafinta ta fita neman acaɓa, ta bar shi zaune a ƙarƙashin babban hoton, yana ta juya ƙaramin a hannunsa.